Mit-fai babba na tire don hirar dare a lokacin sanyi

Tambaya: Assalamu alaikum. Yanzu da sanyi ya shigo, muna yawan zama da yara bayan sallar Isha'i mu kalli fim a falo. Ina so in yi mana mit-fai babba guda ɗaya a tire, wanda za a yanka a raba, maimakon ƙanana masu cin lokaci. Duk sanda na gwada, sai saman ya yi tauri, ƙasan kuma ya jiƙe ya yi danƙo kamar bai gasu ba. Mu bakwai ne a gida. Ina nake kuskure? Wata uwargida daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Matsala biyu kika kawo, kuma kowacce da tushenta. Taurin saman daga kwaɓi yake, jiƙewar ƙasan kuma daga haɗin nama ne da yanayin wuta. Bari mu fara da haɗin, domin shi ake fara yi, kuma shi ya fi ɓata wa mutane aiki.

Ga tire mai faɗin santimita 24 da zurfin kamar 4, wanda zai ishi mutum 7 zuwa 8, ki tanadi niƙaƙƙen naman sa giram 500, albasa 2 madaidaita, dankalin Turawa 3, karas 2, attaruhu 2, tafarnuwa ƙwaya 3, ɗan citta, kori, tayim, masoro, gishiri da dunƙule, mai cokali 2, fulawa cokali 2 cikakku, da ruwan nama mililita 300, wato kofi ɗaya da ɗan ƙari. Dankalin da karas a yanka su ƙanana, kamar girman ƙwayar gyaɗa biyu, domin in sun yi manya za su huda kwaɓin.

Ki ɗora kasko mai faɗi ya yi zafi sosai kafin ki zuba mai da nama. Niƙaƙƙen nama yana fitar da ruwa da zarar ya ji wuta, kuma a nan ne da yawa suke gaggawa: su zuba kayan lambu tun naman yana iyo cikin ruwansa. Ki bar ruwan ya ƙone ƙurmus, har ki ji sautin kaskon ya canza daga tafasa zuwa suya, naman ya fara yin ja. In kaskonki ƙarami ne, ki soya shi kashi biyu. Sai albasa, ta yi laushi, sannan tafarnuwa, citta, attaruhu da kayan ƙamshi. Daga nan ki barbaɗa fulawar cokali 2 a kan naman ki juya minti ɗaya ko biyu don ɗanyen warinta ya fita, ki zuba ruwan naman kaɗan-kaɗan kina juyawa, sannan dankali da karas. Ki rage wuta, ki rufe, minti 12 zuwa 15. Dankalin ya nuna amma kada ya farfashe, tunda zai ƙara dahuwa a cikin oben.

Ga yadda za ki gane kaurin ya yi: ki ja cokali a tsakiyar kaskon. In hanyar da cokalin ya bari ta tsaya ɗan lokaci kafin ta rufe, ya yi. In ta rufe nan take, ki buɗe murfin ki bar shi ya ƙara tsotsewa. Fulawar nan ita ke riƙe romon ya zauna a jikin nama maimakon ya gangara ƙasa ya jiƙa kwaɓi.

Sannan ki juye shi a faranti mai faɗi ya huce sarai. Ba ɗumi-ɗumi ba, ya yi sanyi. Wannan ita ce gaɓar da muke ganin ta fi kowacce muhimmanci. Haɗi mai zafi yana narkar da botar da ke cikin kwaɓin tun kafin ya shiga wuta, tururinsa kuma ya shige cikin fulawar, daga nan babu wutar da za ta iya gyara ƙasan. Sanyin hunturu yana taimakawa a nan, awa ɗaya a wuri mai iska ta isa, sai dai ki rufe shi da ƙyalle mai tsabta saboda ƙura.

Kwaɓin kuwa ƙa'idarsa ita ce bota ta zama rabin nauyin fulawa: fulawa giram 500, wato kofi 4, bota giram 250, gishiri ƙaramin cokali 1, ƙwai 1, da ruwan sanyi cokali 5 zuwa 7. Mai son ya ɗan yi laushi yana iya ƙara bekin foda rabin ƙaramin cokali, amma kada ya wuce haka, in ba haka ba zai kumbura ya koma burodi. Ki nemi botar gashi mai tauri, irin wadda masu kek ke saya. Mai laushin nan ta roba da ake shafa wa burodi ruwanta ya fi yawa, kuma tana sa kwaɓi ya yi danƙo.

Ki yanka botar ƙanana tana da sanyi, ki murtsuke ta cikin fulawar da kan yatsunki, ba da tafin hannu ba, don tafi ya fi zafi. Ki tsaya idan ya koma kamar garin rogo mai ɗan tsakuwa, da sauran gutsattsarin bota nan da can. Ki zuba ƙwai, sannan ruwa cokali-cokali, kina haɗawa har ya dunƙule. Da ya dunƙule ki cire hannunki. Dalilin taurin da kike gani shi ne, fulawar alkama in ta haɗu da ruwa aka yi ta murza ta, tana yin danƙon nan mai ja da ake so a burodi da fanke. A mit-fai ba a son sa. Botar da ta lulluɓe fulawar ita ke hana shi samuwa, yawan ruwa da yawan luguda kuma su ke kawo shi. A watannin Disamba da Janairu iska ta bushe, fulawa kan sha ruwa fiye da yadda take sha da damina, don haka kada ki yi mamaki in kin ƙara cokali ɗaya. Ki naɗe kwaɓin a leda, ki sa a firiji minti 30. In babu wuta, ki ajiye shi a wuri mafi sanyi a gidan, kusa da randa misali. Kada a bar shi a buɗe, iskar hunturu za ta busar da bayansa ya riƙa tsattsagewa wurin murzawa.

Ki raba shi: kashi biyu cikin uku na ƙasa, ɗaya na murfi. Ki murza da kaurin milimita 3 zuwa 4, ki shimfiɗa a tiren da aka shafa wa bota, ki danna shi cikin kusurwa ba tare da kin ja shi ba, domin kwaɓin da aka ja yakan tsuke a wuta. Tiren ƙarfe ko na alminiyum ya fi na tangaran ko gilashi saurin kai zafi ƙasa.

Muna ba da shawarar a fara gasa ƙasan shi kaɗai. Ki sossoke shi da cokali mai yatsu, ki shimfiɗa takardar gashi a kai, ki cika da busasshen wake don ya danne shi, ki gasa minti 15 a zafin digiri 200. Ki kwashe waken da takardar, ki shafa ɗan ƙwai a ciki, ki mayar minti 5. Ƙwan zai bushe ya toshe ƙofofin da romo ke bi. Waken ba zai ƙara dafuwa ba, ki adana shi don gashi na gaba. Wasu suna tsallake wannan mataki su dogara da zafin oben kawai, kuma yana yiwuwa, amma ga mai fama da jiƙaƙƙen ƙasa minti ashirin ɗin nan ba asara ba ce.

Ya ɗan huce, ki zuba haɗin nama, ki shafa ƙwai a bakin tiren, ki ɗora murfin, ki danne gefen da cokali mai yatsu. Ki yanka ƙofofi uku ko huɗu a saman da wuƙa don tururi ya samu mafita, ki shafe shi da ƙwai. Ki gasa a digiri 200 na minti 20, sannan ki rage zuwa 180 na wasu minti 20 zuwa 25. Ki sa shi a matakin ƙasa na oben, kuma ki kunna oben ɗin minti 15 kafin lokaci. In saman ya yi ja tun lokaci bai cika ba, ki rufa masa takardar alminiyum sama-sama.

Mai gashi da tukunya da yashi ta kula da wani abu daban: wutarta daga ƙasa take, don haka ƙonewar ƙasa ce barazanarta. Ta bar yashin ya yi zafi minti 20, ta ɗora tiren a kan ƙarfe ko gwangwanaye uku don kada ya taɓa yashi, ta yi amfani da wuta matsakaiciya, a minti 15 na ƙarshe kuma ta zuba garwashi kaɗan a kan murfin tukunyar don saman ya yi ja.

Idan ya fito, ki ba shi minti 15 kafin wuƙa ta taɓa shi. Yara za su matsa, amma in kika yanka da zafinsa haɗin zai malalo, yankan ya rushe. Bayan ya natsu zai tsaya a faranti, har a iya ci da hannu ana kallo. Tsarin lokaci mai sauƙi shi ne ki dafa haɗin bayan Azahar, in ya huce ki sa shi a firiji, ki yi kwaɓin bayan La'asar, ki gasa ƙasan dab da Magariba, ki sa shi gaba ɗaya a wuta bayan kin idar da sallah. Kafin a gama Isha'i ya fito ya huce daidai ci. Shayi mai citta da kanumfari ya dace da shi, in kuma ana son wani abu mai sanyi a gefe, yankakken kabeji da tumatir da ɗan lemon tsami zai rage nauyin botar.

Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, saboda nama ne. A sa shi a firiji, gobe a ɗumama a oben ko a busasshen kasko mai murfi da wuta kaɗan, har tsakiyarsa ya yi zafi sosai.