Amsa ga ƙanenmu na Kumasi: kakar ƙwallon Jami'ar Michigan ta 2026, da maganar shiga ƙungiyar

Assalamu alaikum ƙanenmu. Saƙonka ya iso mana. Ka ce ka samu gurbin karatun injiniya a Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor, kana so ka san yadda ƙungiyar ƙwallon makarantar za ta kaya a bana, sannan kana tambaya ko tsawonka na ƙafa 6 da inci 3, da kilo 95, da shekarun da ka yi kana tsaron baya a filayen Zango za su sa a ɗauke ka a yafe maka kuɗin makaranta. Za mu fara da ta farko, don sai ka fahimci girman abin sannan amsar ta biyu za ta zauna maka.

Wannan ƙwallon Amurka ne, ba irin wanda ka sani ba, ya fi kama da zari-ruga. Mutum 11 ne kowane ɓangare, filin yadi 100 ne. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne, bugun da ke biyo baya maki 1, bugun ƙafa tsakanin sanduna daga nesa maki 3. Minti 60 ne a agogo, amma da tsaye-tsaye da tallace-tallacen talabijin sai ka shafe awa uku da rabi a wurin. Kaka tana farawa ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, wasa 12 ne, kusan duka ranar Asabar, a rufe a ƙarshen Nuwamba. Tara daga ciki na gasar Big Ten ne, wadda duk da goman da ke sunanta ƙungiyoyi 18 ne a cikinta tun 2024. Daga nan a zaɓi ƙungiyoyi 12 daga faɗin ƙasar su fafata neman kofin ƙasa.

Mai son ya yi hasashen kakar ƙungiyar jami'a, kada ya fara da sakamakon bara. Ya fara da tambayar su wa suka rage. Ɗan wasa shekara uku ko huɗu yake yi ya wuce, yanzu kuma ga kasuwar sauya sheƙa da ke ba kowa damar komawa wata makarantar ya buga nan take. Michigan ɗin kanta ita ce misali. A kakar 2023 ta ci wasa 15 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta lallasa Washington da ci 34 da 13 ta ɗauki kofi. Makonni kaɗan bayan haka koci Jim Harbaugh ya koma Los Angeles Chargers ta NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, daga baya ƙungiyoyin NFL suka kwashe 'yan wasanta 13, har da J.J. McCarthy, mai jifa, wato jagoran hari da ke jefa wa abokan wasa ƙwallo. Sunan makaranta bai canza ba, rigar ma ita ce, amma a 2024 wasa 8 ta ci, aka doke ta a 5, ta gwada masu jifa uku babu wanda ya gamsar. A 2025 ta ci 9 ta faɗi 4.

Bana abubuwa uku za ka sa wa ido. Akwai sabon koci, Kyle Whittingham, wanda aka ɗauko a Disamba 2025 bayan ya shafe shekara 21 yana jan ragamar ƙungiyar Jami'ar Utah. Dattijo ne da aka sani da gina tsaro mai tauri da wasan ƙarfi a ƙasa. A 2008 ya kai Utah ƙarshen kaka ba tare da shan kaye ba, ya kuma ci gasar Pac-12, rukunin da Utah ke ciki a lokacin, a 2021 da 2022. Salonsa ya dace da abin da mutanen Michigan suke so, sai dai shekarar farko ta kowane koci shekarar koyon sabon harshe ce: sunayen dabaru sun canza, alamun hannu sun canza, kuma ɗan wasan da ya tsaya tunani na rabin daƙiƙa an riga an wuce shi. Sai mai jifa Bryce Underwood, yaron Belleville da ke nan kusa da Ann Arbor, wanda ya riƙe ƙungiyar a 2025 tun yana sabon shiga. Ƙarfin hannu da gudu ba a magana. Abin dubawa shi ne ko ya daina jefa ƙwallo inda 'yan tsaro suka yi masa kwanton ɓauna, domin galibi a shekara ta biyu ake gane wanda zai zama gwani da wanda zai tsaya a mai baiwa kawai.

Na ukun shi ne wanda baƙo ba ya gani, kuma shi ya fi muhimmanci: ƙarti biyar da ke tsayawa gaban mai jifa su zame masa katanga. Kyamara ba ta bin su, amma in mutum ɗaya cikinsu ya kuskure wanda zai tare, mai jifa ba zai samu daƙiƙa ukun da yake bukata ba. Aikinsu na sabo da juna ne. Duk sharhin da za ka karanta, nemi adadin wasannin da waɗannan biyar suka taɓa farawa tare. In ka ga uku ko huɗu sun dawo daga bara, ka saki ranka. In ka ga sababbi huɗu, ko da sun zo da manyan sunaye, ka jira Oktoba kafin ka yanke hukunci.

Jadawali ba mai sauƙi ba ne. Oklahoma, wadda ta doke Michigan a can Oklahoma bara, za ta zo Ann Arbor a Satumba, kuma a nan za a fara gane gaskiyar ƙungiyar, ba a wasannin buɗe kaka da ake gayyato ƙananan makarantu a biya su kuɗi su zo su sha kashi ba. Big Ten ta yi zafi: kofin ƙasa uku a jere 'yan cikinta ne suka ɗauka, Michigan, sai Ohio State, sai Indiana. A ganinmu wasa 8 ko 9 shi ne hasashen mai hankali, shiga cikin 12 na ƙarshe kuwa kusan sai da 10. Wasa da Ohio State kuma ba a sa shi a lissafi. A 2024 Michigan ta je Columbus, gidan Ohio State, kowa ya ɗauke ta gawa, ta ci 13 da 10, amma Ohio State ɗin ce ta ɗauki kofin ƙasa a waccan kakar.

To, maganar shiga ƙungiya. Gara mu faɗa maka ba kwana-kwana: kada ka ɗora ko dala ɗaya ta kasafin karatunka a kan wannan fatan. Kuɗin makaranta kaɗai ga ɗalibin waje ya kai dala 60,000 ko fiye a shekara, ban da ɗaki da abinci, kuma ofishin jakadanci a Accra zai so ya ga inda kuɗin za su fito tun kafin ka taka jirgi.

Dalilan su ne waɗannan. Yaran da Michigan ke ba tallafi an fara bibiyarsu tun suna shekara 15 ko 16, da faifan wasanninsu na sakandare, da sansanonin gwaji na bazara. Akwai hanyar 'yan sa-kai, wato ɗalibin da ya riga ya shiga makaranta ya nemi a gwada shi ba tare da tallafi ba, amma tun yarjejeniyar kotu ta Yunin 2025 an ƙayyade yawan 'yan wasa zuwa 105, kuma guraben 'yan sa-kai ne suka fara tsukewa. Jikinka ma a tsakiya yake. Ƙartin katanga suna kai kilo 135 zuwa 145. Masu jiki irin naka su ne masu cafke ƙwallo da masu tsaron baya, waɗanda ake so su gudu yadi 40 cikin daƙiƙa 4.5 ko kusa da haka. Ka auna mita 36 da rabi a fili, ka sa mutum biyu su riƙe agogo, ka ɗauki lokacin da ya fi muni. In ka haura 4.8, wannan ƙofar a rufe take.

Ba wai ba a taɓa yi ba. Christian Okoye ya bar Enugu a 1982 ya je Azusa Pacific a matsayin mai jifan faifai, ya fara wannan ƙwallo yana da shekara 23, a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a NFL. David Ojabo, haifaffen Najeriya da ya tashi a Aberdeen, a Michigan ɗin nan ya yi suna a 2021. Amma ka lura, Ojabo sai da ya yi sakandare a Blair Academy da ke New Jersey inda aka gan shi, ya zo ya yi shekarar farko bai buga ba, sannan ana saura 'yan makonni a zaɓe shi zuwa NFL jijiyar agararsa ta tsinke a wurin gwaji. Alƙaluman NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, sun nuna ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan ƙwallon jami'a ne ke kaiwa NFL.

In ka dage sai ka gwada, inda ƙwallon Zango zai yi maka rana shi ne bugun ƙafa. Ka nemi ƙwallon mai siffar ƙwai, ka ɗauki bidiyo ba yanke-yanke: bugu goma a jere daga yadi 40, a ga sanduna, a ga inda kowanne ya faɗa. Abin da ke kayar da 'yan ƙwallonmu shi ne tsayin bugu, domin ƙwallon da ya tashi ƙasa-ƙasa ƙartin gaba za su ɗaga hannu su tare shi. Kuma daga lokacin da aka miƙo ƙwallo zuwa bugawa bai kai daƙiƙa ɗaya da rabi ba. Sai ka yi rajista a cibiyar tantancewa ta NCAA, a aika takardunka na sakandare da sakamakon WASSCE; ana neman darussa 16 na asali da matsakaicin maki 2.3. Ka'idar da aka daɗe ana bi ita ce shekara biyar don buga kaka huɗu, kuma agogon yana fara tafiya ranar da ka shiga kowace jami'a cikakken lokaci, ko a Ghana ne. Dokokin nan suna yawan sauyawa, ka karanta na shekarar a shafin hukumar da kanka. Kuɗin talla da ka ji ana cewa 'yan wasa na samu, mai bizar karatu ta F-1 ba shi da sakewa a kai, don izininsa na aiki awa 20 ne a mako a cikin makaranta. Duk dillalin da ya ce ka turo kuɗi zai samo maka tallafin ƙwallo, ɓarawo ne. Tayi na gaskiya daga ofishin makaranta yake fitowa a rubuce. 'Yan'uwa na Najeriya da Nijar da ke karanta wannan kuma su duba matsayin biza kafin su biya dala 350 ta SEVIS, kuɗin rajistar ɗaliban waje, domin dokar da Amurka ta fitar a Disamba 2025 ta dakatar da bizar karatu ga 'yan Najeriya, ta kuma rufe wa 'yan Nijar ƙofa gaba ɗaya.

A matsayin ɗan kallo kuwa, kakar taka ce. Filin, wanda aka buɗe a 1927, yana ɗaukar mutum 107,601, a garin da mazaunansa ba su fi wannan adadin da yawa ba. Ka sayi tikitin ɗalibai na kaka da zarar an turo sanarwa ta imel ɗin makaranta. A waya yake zuwa, kuma ka riƙe katin ɗalibinka. Ba a shiga da jaka kowace iri, in ka fita kuma ba dawowa. Wasan ƙarfe 12 na rana zai cinye Azahar, a Nuwamba har La'asar, saboda haka ka shiga da alwala, ka sa siririn mayafi a aljihu, ka nemi gefe a lokacin hutun rabin lokaci. A wajen filin za ka ga ana gashe-gashe a bayan motoci ana miƙa wa kowa. Yawancin tsiran nan na alade ne, ka tambaya kafin ka karɓa. Naman halal sai ka ƙoshi da shi a Dearborn, tafiyar minti 40 a mota. Ɗalibai a tsaye suke kallo daga farko har ƙarshe, kuma daga ƙarshen Oktoba sanyi ta tafin ƙafa yake shiga, don haka safa biyu da takalmi mai kaurin ƙasa sun fi babbar riga amfani. Launin makaranta ruwan masara da shuɗi ne. Ja na Ohio State ne, ka ajiye jar hularka a akwati a makon ƙarshe na Nuwamba. Wasan na bana a Columbus za a yi shi ranar 28 ga wata, cikin hutun bikin godiya na Thanksgiving, lokacin da makaranta ke zama kufai, saboda haka ka nemi gidan da za ka kalla tun da wuri.