Na sayi RAM ta intanet, ta zo a lalace

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na yi odar RAM (ma'ajiyar bayanai ta wucin-gadi a cikin kwamfuta) mai 8GB a wani shagon intanet don kwamfutar da nake buga wa ɗalibai takardu. Tun da na saka ta, kwamfutar sai ta mutu ta sake tashi da kanta. Na kira su, suka ce tunda na ɓare leda ba za su karɓa ba. Kuɗina sun tafi ke nan? Daga mai shagon buga takardu, Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kuɗinka ba su tafi ba, kuma wannan uzurin nasu yana ɓata min rai. Ta yaya mutum zai san RAM ta lalace bai ɓare ledar ya gwada ba?

Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda FCCPC, hukumar tarayya mai kare masu saye, ke aiwatarwa, ta ba ka damar mayar da kaya mai aibi cikin wata uku, a gyara, a musanya, ko a dawo maka da kuɗinka. Ƙa'idar shago ba ta fi doka ba.

Amma fara tabbatar da laifin na RAM ɗin ne. Gwada ta da manhajar MemTest86, ka ɗauki hoton kurakuran da ta nuna. Daga nan ka daina kiran waya, domin magana iska ce. Rubuta musu saƙo da lambar oda, rasit da hotunan. In sun yi kunnen uwar shegu, ka shigar da ƙorafi a FCCPC.