Tambaya da Amsa: Wai da gaske ne namiji ya fi mace basira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta, Allah ya ƙara lafiya. Ni magidanci ne, ina da yarinya da ta gama sakandare bana, tun tana firamare ita ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu a lissafi, yanzu ta kafe ita sai karatun injiniya. Yayana ya ce kar in ɓata kuɗina, wai kan mace ba ya ɗaukar irin wannan karatun, ya ce ai ko likitoci sun tabbatar ƙwaƙwalwar namiji ta fi girma, ya kawo min hadisin tawayar hankali, sannan ya ce in duba duk manyan masu ƙirƙira na duniya maza ne. Don Allah a ilimance akwai bambanci tsakanin basirar namiji da ta mace? Na gode.

AMSA: Wa'alaikumussalam Malam, Allah ya raya mana ita ya yi mata albarka. Amsar a taƙaice ita ce a'a, idan ana maganar basira gaba ɗayanta, wato saurin fahimta da iya warware matsala da koyon sabon abu, sama da shekara 100 ana gwaji kuma matsakaicin makin maza da na mata kusan ɗaya yake fitowa. Amma Yaya bai yi ƙarya a komai ba, akwai gaskiya a wasu maganganun nasa, inda ya kai su ne ba nan suka nufa ba, toh bari mu bi su.

Maganar girman ƙwaƙwalwa gaskiya ce. A matsakaici ta namiji ta fi ta mace da wajen kashi 10 cikin 100, kamar yadda zuciyarsa da huhunsa da tafin ƙafarsa ma suka fi girma tunda jikin gaba ɗaya ya fi girma. Wani likita Bafaranshe mai suna Paul Broca ne ya yayata wannan hujja a wajajen 1861, ya auna ƙwaƙwalen gawarwaki a asibitocin Paris ya samu ta maza giram 1,325 ta mata 1,144, sai ya yanke hukunci cewa mata sun gaza. Da aka dawo aka duba lissafin nasa daga baya sai aka ga matan da ya auna sun fi mazan tsufa, ƙwaƙwalwa kuwa raguwa take da shekaru, ga shi kuma sun fi gajarta. Kuma in nauyi ne magana, ƙwaƙwalwar Albert Einstein da aka auna bayan mutuwarsa a 1955 giram 1,230 ce, ba ta ma kai ta matsakaicin namiji ba, ta giwa kuwa ta kusa kilo 5 kuma har yau ba ta ci jarrabawa ba. Eh akwai 'yar alaƙa tsakanin girman ƙwaƙwalwa da maki a gwaji amma ƙarama ce ƙwarai, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne mata da ƙwaƙwalwar tasu mai ɗan ƙarami makin da suke samu daidai yake da na maza, kaga kenan ba a sikeli ake auna abin ba.

Gwajin da na fi son kawowa mutane shi ne na Sikotilan. A ranar 1 ga Yuni 1932 hukumomin ilimi na can suka zaunar da kusan duk yaron da aka haifa a 1921 da ke makaranta, yara sama da 87,000 masu shekara 11, birni da ƙauye, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, aka ba su gwaji iri ɗaya. Darajar wannan gwajin ita ce ba zaɓe aka yi ba balle a ce an kwaso haziƙan mata an haɗa da daƙiƙan maza, kowa aka ɗauka. Farfesa Ian Deary na jami'ar Edinbura da abokan aikinsa suka sake nazarin sakamakon a 2003, matsakaicin makin IQ (wato ma'aunin basira) na 'yan mata ya fito 100.6 na samari 100.5. Ka ga wannan ai ba bambanci ba ne.

Wani zai ce ai masu tsara gwajin IQ da gangan suke cire tambayoyin da ke fifita jinsi ɗaya, kuma haka ne, an yi hakan a gyaran gwajin Stanford-Binet na 1937. Sai dai tun kafin gyaran, a 1916, Lewis Terman wanda ya tsara gwajin ya samu 'yan mata ne ma ke ɗan gaba kaɗan a shekarun yarinta. Shi ma Arthur Jensen, mutumin da ya sha suka saboda tsananin yardarsa da cewa basira gado ce, wato ba mai lallashin kowa ba ne, da ya bi gwaje-gwaje daban-daban a 1998 cewa ya yi bai ga shaidar bambanci ba. Akwai 'yan tsiraru irin su Richard Lynn da ke cewa bayan shekara 15 maza na wucewa da maki 4 zuwa 5, amma yawancin masana ba su karɓa ba, saboda samfurin mutanen da ake dogara da shi sau da yawa ɗaliban jami'a ne ba jama'a gaba ɗaya ba.

Inda bambanci yake na gaske shi ne a ɗaiɗaikun fannoni. Akwai wani gwaji da ake zana maka siffa ta ƙananan bulo goma a manne, ta lanƙwasa nan ta lanƙwasa can, sai a jera maka wasu guda huɗu a gefe a ce nuna waɗanda su ne dai ita ɗin juya ta kawai aka yi, dole ka ɗaga ta a cikin kanka ka jujjuya kafin lokaci ya ƙare. A wannan maza sun fi mata a matsakaici, kuma tazarar ba ƙarama ba ce, ita ce ma mafi girma da aka sani a ɓangaren tunani. Su kuma mata sun fi a karatu da rubutu da saurin zaƙulo kalmomi, da saurin aikin da ke buƙatar lura da ido da hannu, da tuna fuska da abin da ya faru da wanda ya faɗi me (magidanta ba sai an kawo musu bincike a kan wannan ba). A jarrabawar PISA da ake yi wa 'yan shekara 15 a ƙasashe kusan 80, ta 2018 'yan mata sun wuce samari a karatu a kowace ƙasa, da wajen maki 30 a ƙasashen OECD (ƙungiyar da yawancin ƙasashenta masu arziki ne), yayin da samari suka wuce a lissafi da maki 5 kacal. Kuma a Katar da Saudiyya da Daular Larabawa da Malesiya da Finlan 'yan matan ne ma suka wuce a lissafin. Da a jini abin yake tsantsa ai da ba zai riƙa canza fuska daga ƙasa zuwa ƙasa ba. Farfesa Janet Hyde ta tattara manyan nazarce-nazarce 46 a 2005 ta samu kashi 78 cikin 100 na bambance-bambancen da ake faɗa tsakanin maza da mata ko dai ƙanana ne ko kusan babu su.

Sai magana ta biyu mai ɗan nauyi wadda ba kowa ke son ji ba. A wancan gwajin na Sikotilan, duk da matsakaicin ɗaya ne, makin samari ya fi watsuwa, wato a can ƙololuwa samari sun fi yawa, a can ƙasan ƙasa ma su suka fi yawa. Kamar buhu biyu ne na dankali masu nauyi ɗaya, ɗaya yawancinsa madaidaita, ɗayan kuma ka samu ƙatti a ciki ka samu 'yan mitsi-mitsi. Mutane sun fi son ambaton rabin sama su manta da na ƙasa, alhali duk wanda ya yi aiki da yara masu lalurar koyo ya san maza sun fi yawa a ciki, galahanga (autism) kanta ta fi kama maza ninki 3 zuwa 4, kuma wasu lalurorin ta ƙwayar gado ta X suke zuwa, namiji guda ɗaya gare shi in ta samu matsala babu madadi, mace biyu gare ta. Shi ma rabin saman ba a tsaye yake ba. A Amurka a farkon shekarun 1980, cikin yara 'yan ƙasa da shekara 13 da suka ci maki 700 ko fiye a lissafin jarrabawar SAT ta shiga jami'a, duk samari 13 yarinya 1 ake samu, amma cikin shekaru kamar 20 zuwa 30 abin ya sauko zuwa wajen 3 ko 4 da 1. Halitta ba ta canzawa cikin shekara 30 Malam, abin da ya canza shi ne an fara barin 'yan mata su ɗauki darussan lissafi masu zurfi. Kuma wannan duk rigimar a kan yaro ɗaya cikin dubbai ake yinta, ba ta shafi wanda zai zama injiniya nagari ba.

Batun cewa manyan masu ƙirƙira maza ne, toh wa aka buɗe wa ƙofar? A 1890 wata budurwa Philippa Fawcett ta zauna jarrabawar lissafi ta jami'ar Kambirij a Ingila, mafi tsauri a zamanin, ta fi duk mazan maki, amma ba a ba ta lambar na ɗaya ba kuma ba a ba ta digiri ba, don jami'ar ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai 1948. Da aka buɗe ƙofar sai ga Maryam Mirzakhani 'yar Iran ta ɗauki lambar Fields a 2014, wadda ita ce ƙololuwa a duniyar lissafi, sai Maryna Viazovska 'yar Yukiren a 2022. A nan gida Farfesa Grace Alele-Williams ta yi digirin digirgir a fannin koyar da lissafi a 1963, ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, jami'ar Benin a 1985.

Hadisin kuwa ingantacce ne yana cikin Bukhari da Muslim, sharhinsa fagen malamai ne kuma su ya kamata Yaya ya zauna da su, amma a cikin hadisin kansa matan sun tambaya mene ne tawayar, Manzon Allah (SAW) ya fassara da batun shaidar mata biyu a matsayin ta namiji ɗaya, wanda ke cikin ayar bashi ta 282 a Suratul Baƙara, bai ce mace ba ta iya koyon ilimi ba. Nana A'isha (RA) ta ruwaito hadisi 2,210, kuma manyan sahabbai na zuwa tambayarta rabon gado, rabon gado kuwa ai lissafi ne, sulusi da sudusi da sumuni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u da ta rasu a 1864 da Larabci da Fulatanci da Hausa take rubutu, ita ta kafa 'Yan Taru tana naɗa jajis da malfa suna bin ƙauyuka suna karantar da mata.

A ganina abin da ke sa mutane a wajenmu su rantse maza sun fi kai shi ne suna kwatanta wanda aka bari ya yi karatu da wadda aka cire a aji uku. Makaranta kanta tana ƙara maki, wani babban nazari na 2018 ya nuna kowace shekarar karatu na ƙara tsakanin maki 1 zuwa 5 na IQ, to yarinyar da aka cire da shekara 6 saura ai ba da haihuwa ta zo da giɓin ba. Ka tsaya kusa da uwar adashi ranar kwasa ka gani, mutum ashirin da wani abu, wannan hannu biyu take zubi, waccan rabin hannu ta haɗa da kishiyarta, wata ta tsallake sati biyu ta biya ɗaya, wata ta ci bashi a kan kwasarta, duk a ka take riƙe da shi babu littafi kuma naira ɗaya ba ta ɓacewa, amma ita ɗin za a ce ba ta da kan lissafi don ba ta iya rubuta shi a allo ba. Abubuwan da ke cin basirar yaranmu da gaske ba ruwansu da mace ko namiji, ƙarancin ayodin da ke kawo maƙoƙo yana iya zaftare maki 10 ko fiye, ga ƙarancin jini, ga zazzaɓin cizon sauro da ke taɓa ƙwaƙwalwa, ga rashin abinci mai gina jiki a kwana 1,000 na farko, ga gubar dalma irin wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa.

Game da yarinyarka, matsakaicin maki na miliyoyin mutane ba ya gaya maka komai a kan mutum ɗaya da ke zaune a gidanka, ita kuma ta riga ta ba ka shaidarta shekara da shekaru a ajin da akwai maza a ciki. Abin dubawa shi ne kiredit ɗinta na WAEC ko NECO a lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci, su ne kuma za ta zauna a JAMB, ka samo mata tsofaffin tambayoyi ta riƙa yi da agogo a gabanta. Wancan fannin juya siffa a ka da na ce maza sun fi, shi ne kaɗai zan ce a kula da shi don zai yi mata amfani a zanen injiniya, kuma koyonsa ake yi. A jami'ar fasaha ta Mishigan a Amurka, Farfesa Sheryl Sorby, wadda ita kanta ta sha wuyar wannan darasin tana ɗaliba, ta fara wani ɗan kwas a 1993 na koyar da sababbin ɗalibai zana abu ta sama da ta gaba da ta gefe, makinsu ya tashi sosai kuma matan da suka yi kwas ɗin sun fi tsayawa su gama karatun. Kafin a fara zangon farko ta samu littafin zanen fasaha na sakandare da takarda mai layin murabba'i, ta ɗauki bulo ko kwalin ashana ko kujerar tsakar gida ta riƙa zana su ta kowace fuska, rabin awa a rana ya isa.