Makomar makro idan an koma sabuwar manhaja

Tambaya: Shekara takwas ke nan ina buga takardu da Word 2016, kuma a tsawon wannan lokaci na naɗi makro (jerin umarnin da Word ke ajiyewa ya maimaita da kansa) kusan talatin, kowanne da maɓallan da nake latsawa in kira shi. Yanzu na sayi sabuwar kwamfuta, ina tunanin ko in sayi Office 2024 ko in yi rajistar Microsoft 365. Wanne ne zai karɓi makro ɗina ba sai na sake naɗarsu ba?

Amsa: Malam, barin Word 2016 ya dace, domin Microsoft ya daina yi wa Office 2016 da 2019 gyaran tsaro tun ranar 14 ga Oktoban 2025. Ta fuskar makro kuwa, duk wanda ka zaɓa a cikin biyun zai karɓe su, saboda har yanzu da VBA, harshen da ake rubuta makro na Office da shi, suke aiki. Bambancinsu a wajen biya yake: Office 2024 sau ɗaya ake sayensa, shi kuwa Microsoft 365 duk wata ko duk shekara ake biya. Ka dai tabbatar ka sa manhajar a kan kwamfutar kanta, domin Word na cikin burauza ba ya tafiyar da makro na VBA ko kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda za ka kwashe su, domin a nan ne mutane suka fi yin asara. Makro abu ɗaya ne, maɓallan da ka ɗaura masa kuma wani abu ne daban. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a latsa Alt da F11, a fitar da makro zuwa fayil mai ƙarewa da .bas, sannan a shigar da shi a sabuwar kwamfuta. Wannan hanya tana kai umarnin lafiya, amma a Word ba ta tafiya da maɓallan, sai mutum ya latsa abin da yatsunsa suka saba da shi shekara da shekaru ya ga shiru, ya zaci komai ya salwanta.

Idan ba ka sauya wurin ajiya ba lokacin naɗa, makro ɗinka da maɓallansu duka suna cikin fayil guda mai suna Normal.dotm, wanda za ka samu idan ka rubuta %APPDATA%\Microsoft\Templates a layin adireshin folda. Ka rufe Word gaba ɗaya, ka kwafi fayil ɗin zuwa filasha. A sabuwar kwamfuta kuma ka buɗe Word sau ɗaya ka rufe, domin ya ƙirƙiri nasa Normal.dotm, sai ka sauya wa wannan suna kada ka goge shi, ka ajiye naka a gurbinsa. Ni dai ina ganin ka bi hanyoyin biyu tare, ka kuma rubuta jerin maɓallan a takarda, tunda aikin minti goma ne kawai. Idan kana da makro a Excel, su kuma suna cikin PERSONAL.XLSB a foldar XLSTART.

Akwai cikas biyu da za ka iya cin karo da su. Office na yanzu yawanci mai bit 64 ne (tsarin gina manhaja da ya gaji na bit 32), saboda haka makron da aka kwafo daga wani wuri mai ɗauke da kalmar Declare zai nemi a ƙara masa kalmar PtrSafe, amma wanda ka naɗa da hannunka da wuya wannan ta shafe shi. Sannan tun 2022 Office yana toshe makro a fayilolin da suka zo ta intanet, shi ya sa na ce filasha maimakon imel. Idan hakan ta faru, ka cire toshiyar daga fayil ɗin nan kaɗai ta Properties (shafin bayanan fayil ɗin), kada ka buɗe wa kowane makro ƙofa, domin ta nan ɓarayin bayanai suke shigowa. Kada kuma ka sayar da tsohuwar kwamfutar sai ka yi aikin mako guda da sabuwar, ka gwada kowane makro a kan kwafin takarda.

Tambaya: Na sa sabon AutoHotkey, manhajar da ake rubuta wa umarni ta riƙa yin ayyuka da kanta a Windows, sai tsofaffin umarnin da na rubuta suka daina aiki. In koma tsohon?

Amsa: Malama, ba laifinki ba ne. Siga ta 2, wadda ta fito a Disambar 2022, ta sauya tsarin rubutun harshen, don haka yawancin abin da aka rubuta wa siga ta 1 sai an gyara shi. Ana iya ajiye sigogin biyu a kwamfuta ɗaya, sai ki rubuta #Requires AutoHotkey v1.1 a layin farko na tsofaffin fayilolinki. Amma tunda an daina bunƙasa tsohuwar, duk sabon umarni ki rubuta shi da siga ta 2, tsofaffin kuma ki riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya, ki fara da wanda kika fi amfani da shi kullum.