Wanda Ya Dace da Gaskiya, Ya San Ta Ne?

Tambaya: Malam, gardama ta kaure tsakanina da wani abokin karatuna. Shi ya ce duk wanda ya faɗi magana ta kuma zama gaskiya, to ya san abin da ya faɗa. Ni kuwa na ce wani lokaci dace ne kawai. Wane ne ke kan daidai? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kai ne ka fi kusa da daidai, sai dai maganar ta fi yadda kuka ɗauke ta zurfi. Masana falsafa sun daɗe suna gindaya sharuɗɗa uku kafin a ce mutum ya san abu: ya yarda da shi a zuciyarsa, abin ya kasance gaskiya, sannan yana da hujjar da ya dogara da ita. Tun zamanin Aflatun, masanin falsafar tsohuwar Girka, ake juya wannan ma'ana, kuma shi kansa bai gamsu da ita ba a tattaunawarsa mai suna Theaetetus. Abokinka ya tsaya a kan sharuɗɗa biyun farko, ya bar hujja, alhali mai canke ma yakan faɗi gaskiya jefi-jefi.

Ko da an cika ukun, matsala ba ta ƙare ba. A shekarar 1948 Bertrand Russell na Ingila ya kawo misalin agogon da ya tsaya. Ka ɗauka mutum ya shiga ɗaki ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya ga ƙarfe biyu, ya ce ƙarfe biyu ta yi, kuma lallai biyun ce ta yi. Abin da bai lura ba shi ne tun ƙarfe biyun daren jiya agogon ya mutu. Ya yarda, maganarsa gaskiya ce, yana kuma da hujja tunda agogon bai saba yi masa ƙarya ba, amma babu mai hankalin da zai ce ya san lokaci. A 1963 Edmund Gettier na Amurka ya fitar da maƙala mai shafi uku kacal da misalai irin wannan, har yau kuwa ana ta kai-kawo a kanta.

Wasu sun ce mafita ita ce a nemi yaƙinin da kuskure ba zai iya shiga ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi wannan hanya har ya tuhumi idonsa, domin ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take yi sannu a hankali. A ganina, idan aka tsananta haka, kusan duk abin da muke kira ilimi zai zube, har da sanin ranar haihuwarka, wadda ji ka yi daga iyaye.

Gwajin da na fi natsuwa da shi na Robert Nozick ne, masanin falsafa ɗan Amurka, a 1981: da abin bai kasance haka ba, shin mutumin zai ci gaba da yarda da shi? Mai agogon nan, da ƙarfe huɗu ya shigo, ƙarfe biyu zai ce, don haka bai san lokaci ba. Ka auna duk misalan da abokinka zai kawo da wannan tambaya ɗaya bayan ɗaya.