Giram nawa zan ƙara a hancin rokata don kada ta yi tangaɗi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Maradi, muna da ƴar ƙungiya ta masu ƙera ƙananan rokoki na gwaji. Mun gama wadda muka fi sa wa rai: tsawonta mita ɗaya da rabi, kaurinta santimita 10, nauyinta kilo 2 cif da inji da lemar sauka a ciki. Injin na kamfani ne, ajin H, matsakaicin turinsa niyuton 150. Da na auna, cibiyar nauyi tana santimita 98 daga tsinin hanci, OpenRocket, manhajar kwamfuta ta lissafin roka, kuma ta nuna cibiyar matsin iska a 104. Tazarar ba ta kai kauri guda ba. Abin ya hana ni barci, don na san yaran unguwa za su biyo mu kallo ko mun hana su. Wani mai walda da ke taimaka mana ya ce in narka darmar tsohon batir, kilo guda, in ɗura a hancin, wai nauyin gaba ba ya yawa. In yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, rashin barcin nan naka yana kan hanya. Tazarar da cibiyar nauyi (inda nauyin roka ke daidaita) ta ba cibiyar matsin iska (inda turin iska ke taruwa) a gaba ita ke hana roka tangaɗi, kuma santimita 6 a jiki mai kaurin santimita 10 ba abin harbawa ba ce. Lissafin da manhajar ke bi ya samo asali ne daga aikin James Barrowman na shekarun 1960, kuma ya fi gaskiya lokacin da roka ke tsaga iska kai tsaye. Da iskar gefe ta ɗan karkata ta, cibiyar matsin iska sai ta matso gaba, santimita shidan nan da ka gani a kwamfuta su narke a fili. Don haka kana bukatar ƙari. Amma ba kilo guda ba, ko kusa.

Ɗauko biro. A ce muna son tazarar kauri ɗaya da rabi, wato santimita 15, cibiyar nauyi ke nan ta dawo 89. Tafiyar da za ta yi santimita 9 ce. A ce kuma tsakiyar nauyin da za ka zuba zai zauna santimita 10 daga tsini, tsakaninsa da 89 akwai 79. Ka ninka giram 2000 da 9, ka raba da 79, za ka samu kusan giram 228, kuma a ciki har da gam ɗin da zai riƙe shi. In ka yi kasala ka ajiye nauyin can wajen wuyan hanci, santimita 30 daga tsini, sai ka nemi giram 305 kafin ka samu aiki iri ɗaya. Shi ya sa ake tura shi can ƙuryar tsini.

Yanzu bari in zauna a kan maganar mai walda, don ba shi kaɗai ba ne. Ba na yin mako ban ji ta ba, daga ɗalibai, daga malamai, daga masu ɗora bidiyo a TikTok waɗanda ba su taɓa tsayawa sun tsince tarkacen roka a gona ba. Na kuma san inda ta samo tushe. Kowa ya ga kibiyar maharbanmu: kyauro ne marar nauyi da baƙin ƙarfe a kai, ga ta tana tafiya sak. Sai mutum ya ce ai roka ma kibiya ce, a cika mata kai kawai. Abin da aka manta shi ne kibiya tana barin baka da cikakken gudunta. Roka kuwa daga tsaye take farawa, kuma lokacin da ta fi rauni a duk tafiyarta shi ne sa'ad da ta saki sandar harbi, wadda ke riƙe ta a miƙe a farkon tashi, gudu bai kankama ba, fikafikai ba su gama kama iska ba. Duk giram ɗin da ka ƙara, daga gudun wannan lokacin kake cire shi.

Mu gwada da lambobinka. Da giram 228, in sandarka ta ba ta mita 2 na tafiya, za ta fita da kusan mita 15 a daƙiƙa, wanda shi ne mafi ƙarancin da galibin masu wannan harka ke nema. Da kilo guda kuwa, nauyi ya zama kilo 3, gudun fita ya faɗo ƙasa da 13, turin inji ya tsaya daidai bakin ninki biyar na nauyi, ba sauran rara. Cibiyar nauyi ta gudu zuwa santimita 69, tazara ta zama kauri uku da rabi. Mai walda zai ce ka gani, ta yi daram. To daram ɗin nan shi ne matsalar.

Roka mai tazara fiye da kima ba ta yi wa iska gardama. Ba sama take nema ba, inda iska ke buso ta take nema. Tana fitowa a hankali, iskar hunturu ta buge ta daga gabas maso arewa, nan take ta juya hanci ta fuskanci iskar ta bi ta a kwance, inji na ci gaba da turawa. Kuma ka san inda ƴan kallo suka fi tsayawa? Ɓangaren da iskar ke fitowa, don an ce musu lema can gaba za ta tafi da ita. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Rokar da ta tafi a kwance ba ta rage gudu a ƙololuwa kamar wadda ta miƙe. Lema za ta buɗe tana tsaka da gudu, igiya ta fizgo, ko ta tsaga bututun jiki kamar an ja zif, ko ta tsinke. In ta tsinke, me ya rage a sama? Hanci mai tsini da kilo guda na darma a ciki, ba lema, ba komai. Daga tsayin mita 300 zai iya sauka da gudun da ya haura kilomita 150 a awa. Kwanon rufi ba zai tare shi ba, balle kan yaro. Akwai kuma wata ɓarnar da ba a cika faɗa ba: lokacin da inji ya mutu, iska tana riƙe jiki da fikafikai, hanci mai nauyi kuwa yana son ci gaba da tafiyarsa, sai ya zare da kansa tun lokaci bai yi ba. Masu manyan rokoki suna kafe shi da ƙananan kusoshin nailan waɗanda ke karyewa sai fashewar fitar da lema ta zo, amma su ma gwada su ake yi a ƙasa kafin ranar harbi.

Na taɓa ganin ɗan'uwan wannan da idona, ba ma da kilo ba. Wani ya cusa laka irin ta wasan yara a hanci, ya danna da yatsa, ya auna, komai daidai. Rokar ta yi awa biyu a rana tana jiran layi. Da aka kunna, lakar da ta riga ta yi laushi ta sulale baya, rokar ta yi adungure biyu a kan idonmu ta kafe a ƙasa inji na ci. Babu wanda ya yi dariya. Ka tuna da zafin Maradi na watan Afrilu da Mayu, sama da digiri 40 a inuwa, ka ga irin abin da zai samu laka ko gam ɗin kyandir a cikin roba mai duhu. Yashi a leda ma haka, ko kusoshi a tsumma. Lokacin tashi, giram 228 ɗin nan yana jan abin da ya riƙe shi kamar kilo ɗaya da rabi ne, fizgar lema kuma ta fi haka nesa ba kusa ba.

Batun narka darma kuwa, kada ma ka fara. A 2010 gubar darma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, nan maƙwabtanmu, daga ƙurar dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje. Fasa batir a tsakar gida inda ake girki, ga ruwan asid, ga ƙura, ba abin da mai hankali zai yi ba ne saboda roka. Darmar tana narkewa a digiri 327, hancin roba ba zai jure ba. Je ka wajen masu gyaran keke da babur ka sayi ƙananan ƙwallayen boris. Ƙarfe bai kai darma nauyi ba, giram 7.8 ne a kan 11.3 a kowane santimita kubik, amma giram 228 ba zai rasa wuri a hanci mai kaurin santimita 10 ba.

Ka wanke ƙwallayen da fetur ko sabulu su rabu da maiko. Ka kankare cikin tsinin da takardar yashi mai kaushi. Ka haɗa su da gam mai haɗi biyu, irin mai jinkirin bushewa, ka zuba kashi biyu ko uku, hancin yana tsaye a kofin ruwa, don gam ɗin yana zafi in ya taru da yawa har ya lanƙwasa roba. Ga wurin da mutane ke faɗuwa: yawancin hancin roba gam ba ya kama shi da gaske, yakan ɓantalo dunƙule guda kamar ƙanƙara daga kofi. Saboda haka kafin ka zuba, ka huda hancin ka gitta siraran sanduna biyu ta cikin inda nauyin zai kwanta, gam ya daskare a kansu, sannan ka yanke bakinsu ka goge. Igiyar lema kuma kada ka bar ta a ɗan kunnen robar da ya zo da hancin, ka ɗaura ta a zoben ƙarfe mai noti da ya kama katako mai ƙwari.

Da ni ne ma, kafin in zuba ko giram ɗaya sai na duba gindin rokar. Sababbin hannu suna malala gam da fenti a fikafikai kamar masu yaɓen ɗaki, sannan su zo gaba suna neman abin ramawa. Ƙara wa bututun gaba tsawo, ko matsar da na'urar auna tsayi da batirinta gaba, sau da yawa yana ba ka rabin tazarar kyauta.

In ka gama, ka shirya ta kamar yau za ta tashi, inji da lema duk a ciki, ka rataye ta da igiya har ta kwanta daidai, ka ja layi da alƙalami a wurin. Wannan layin za ka yarda da shi, ba na kwamfuta ba. Ka mayar da sabon nauyin cikin manhajar, don jinkirin fitar lema, wato daƙiƙun da ke tsakanin mutuwar inji da fitar lema, ya canza.

Ranar harbi, ƙa'idar NAR, ƙungiyar masu harba ƙananan rokoki ta Amurka, ta ce mita 30 tsakanin mutane da injin H, kuma ba a harbi in iska ta wuce kilomita 32 a awa. Ni a tashin farko ba na yarda da ko rabin wannan iskar. Ku fita da sassafe, gonar da aka gama girbe gero, nesa da zangarniya da rumbuna da busasshen kara, ƴan kallo a gefe, ba inda iska ke fitowa ba. Kuma Maradi tana da filin jirgi, ga halin tsaron da ake ciki. Ku rubuta wa hukumar jiragen sama ta ANAC da mahukuntan gari ta hannun makarantarku, ku riƙe amsar a rubuce. Na san za a sha jeka-ka-dawo, amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ka rataye ta, turo min lambar da layin ya faɗa da nauyin da sikeli ya nuna, mu duba jinkirin injin tare.