Amsa: Shin an haɗa dukkan ƙarfin halitta a ƙa'ida guda?

Malam, ka tambaya ko masana fiziks sun gano ƙa'ida ɗaya da ta tattara dukkan ƙarfin halitta. Tukuna dai, amma an ci rabin hanya.

Ƙarfin huɗu ne: na lantarki da maganaɗisu, biyu na cikin ƙwayar zarra (mai ƙarfi da mai rauni), sai ƙarfin jan ƙasa. Masanin fiziks James Clerk Maxwell ne ya fara haɗa su, a shekarun 1860, ya nuna lantarki da maganaɗisu abu ɗaya ne. In ka leƙa wajen masu gyaran janareta a nan Agege za ka gani da idonka: maganaɗisu na juyawa cikin naɗin wayar jan ƙarfe, wuta ta fito.

Daga baya Abdus Salam na Pakistan da Weinberg da Glashow suka haɗa wannan ƙarfi na lantarki da maganaɗisu da ƙarfi mai rauni, suka sami Nobel a 1979, CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, kuma ta tabbatar da hakan a 1983.

Jan ƙasa ne ya fi gagara. Rauninsa ya wuce misali, ɗan maganaɗisu yana ɗaga ƙusa alhali duk duniya na janta. Einstein ya rasu a 1955 yana wannan nema. Ƙa'idar zare (string theory), wadda ke ƙoƙarin haɗa dukkan ƙarfin huɗu, tana da kyawun lissafi, amma a ganina, tunda gwaji bai tabbatar da ita ba, kada ka ɗauke ta an gama.